Mai Hoton Ƙeya

Shagon da na yi shekara da shekaru ina ɗaukar hoto a cikinsa, nan bakin kasuwar Gwaram, yanzu cajin waya ake yi a ciki. Ranar kasuwa nakan bi ta wajen in ga wayoyi jere a kan kanta kamar an shanya kuɓewa, mai shagon ya taso ya ce, "Baba, a kawo kujera?" In ce masa a'a, wucewa nake. Ba na jin haushinsa wallahi, shi ma abincinsa yake nema. Abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda hoto ya zama ruwan dare. Yarinya za ta miƙa hannu sama, ta karkace kai, ta turo baki, ta ɗauki kanta sau goma kafin ka gama alwala, ta goge tara. Wani lokacin har da uwarta a ciki, kunci da kunci, alhali kuwa ita ce 'yar fari. To, wannan na ƙarshen shi ne yake tsayar da ni a hanya. Sai in ce Allah sarki zamani, mu da muka zo da wuri ba haka muka tarar ba.

Ni ɗan fari ne, kuma a zamaninmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne, a idon mutane dai. Ana yaye ni aka ɗauko ni daga garinmu Sara aka kawo ni Gwaram wajen Kaka, wadda ta haifi Inna. A hannunta na tashi. Ita ta san zazzaɓina, ita ta san ƙiriniyata, ita ke tashina da asuba tana cewa, "Tashi, angon banza! Wa ya taɓa ganin miji yana barci matarsa na neman ruwa?" Ni kuma in ce, "Tsohuwa, ai na sake ki tun jiya." Ta rarumo muciya, in suri tulu in fita da gudu. Har yau in na rufe ido ina jin safiyar gidan nan: luguden matan maƙwabta, guga yana bugun bakin rijiya, awaki suna ta ɓaɓatu a kwance su, ƙamshin kunun tsamiya yana fitowa daga madafi. Inna kuwa sai da salla ko in an yi haihuwa ake kai ni in gaishe ta. In durƙusa a ƙofar ɗakinta in ce, "Inna, ina kwana," ta amsa da "lafiya" ɗaya tak, fuskarta na wajen bango. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta ba ni abinci sai ta ce da ƙanwata, "Kai wa na Gwaram." Tuwon nan kuwa in ka tona ƙasansa sai ka tarar da tsokar nama biyu a ɓoye, waɗanda ba a sa wa kowa ba. Amma ina ruwan yaro da tsoka, shi a dube shi yake so. Na taɓa yi wa Kaka kuka na ce Inna ba ta sona. Ta dungure mini kai ta ce, "Kai sakarai ne. Kunya ce. Wadda ba ta son ɗa ai ba ta ɓoye masa nama." Ban gane ba, kuma ban yarda ba.

Ina saurayi wani mutumin Birnin Kudu ya fara zuwa kasuwarmu da akwati mai ƙafa uku. Sai ya kafa shi a gindin tsamiya, ya rataya wani zane mai hoton jirgin sama da gidan bene a jikin katanga, ya zaunar da mutum a gaban zanen, ya cusa kansa a cikin baƙin ƙyalle. Kafin ka sha ruwa ya zaro takarda jiƙe sharkaf, ga mutum a jiki. Tirƙashi! Ni dai ranar ban kai awakin Kaka kiwo ba. Mako uku ina ɗaukar masa bokiti ba wanda ya sa ni, sannan ya tambayi ɗan wane ne ni. Baba ya so in zauna a gona, ya ce wannan sana'ar 'yan iska ce. Kaka ta ɗaura zanenta ta tafi Sara da ƙafarta, ban san abin da ta faɗa masa ba, na dai ga an haɗa mini ƙunshin kaya an sa ni a motar Birnin Kudu zuwa wajen mai akwatin. Allah ya jiƙan tsohuwar nan, ba don ita ba da ban san kaina ba.

Ubangidana mutum ne mai faɗa, amma ba ya rowar sani. Shi ya nuna mini cikin akwatin. A can ciki akwai gilashi, in ka shiga ƙyallen kana ganin wanda ke zaune a jikinsa, amma a kife, kai a ƙasa ƙafa a sama. Kana matso da gilashin kana jan shi baya har idon mutum ya fito tas. Daga nan ka zura hannu ta wani hannun riga da aka ɗinka a jikin akwatin, ka laluba takarda ka tare gilashin da ita, shi ke nan ba ka ƙara ganin komai. Sai ka fito daga ƙyallen, ka ce kar a motsa, ka cire murfin idon akwatin, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, ka mayar. Wankin ma a cikin akwatin ake yi da lalube, a 'yan kwanoni biyu na ruwan magani. Dokarsa ɗaya ce, kuma sai da na sha ranƙwashi kafin ta zauna mini: hoton da aka yi motsi a cikinsa ba hoto ba ne, yaga shi ake yi a gaban mai shi a sake wani. Mun yi kasuwar Birnin Kudu, mun yi ta Gwaram, mun yi ta Basirka, akwatin a ɗaure a bayan keke. Na ɗauki 'yan makaranta da masu neman aikin gwamnati da angwaye masu aron agogo. Sai dai wani abu yana damuna. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma ni na lura da zarar mutum ya zauna a gaban akwati fuskarsa ta daina ba da labari. Ya ƙame, ya zaro ido, ya haɗe rai kamar an kai shi gaban alƙali. Mutumin da muka gama raha da shi yanzu, a takarda sai ka rantse bai taɓa dariya ba.

Da ubangidana ya sallame ni ya ba ni tsohon akwatin kyauta, na dawo Gwaram na kama shago. Ba a daɗe ba ƙananan kyamarori masu fim suka shigo, na samu ɗaya, na jingine akwatin a lungu. Ita wannan ba ta buƙatar a ƙame mata, ƙyas ɗaya ta gama. Na ɗauki kowa a gidanmu na Sara, Baba da rawaninsa, ƙannena, har jakin gidan. Inna kaɗai ce in ta hango ni da abin a wuya sai ta shige ɗaki ta saki labule. Wata shekara da kaka na je taya Baba kwasar gero, da hantsi na biyo ta bayan masussuka, sai na hango ta tana shiƙa ita kaɗai, ta ba ni baya. Ta ɗaga ƙwarya sama da hannu biyu, geron yana zubowa a ƙwaryar ƙasa, iska tana kwashe ƙaiƙayin tana yin gefe da shi, rana ta haske shi. Na tsaya cak. Kafaɗar nan ta hagu ta ɗan fi ta dama sauka, saboda goyo da ɗaukar ruwa. Ga dundunniyarta da faso. Ban san lokacin da na ɗaga kyamarar ba. Sata na yi, na sani, Allah ya yafe mini. Da na wanke hoton a ɗakin duhu na ga bayan nan yana fitowa a hankali a cikin ruwan magani, sai na zauna a ƙasa na yi kuka. Duk wanda ya san Inna, in ya ga hoton nan zai ce ita ce, kuma babu fuska a ciki ko kaɗan.

Daga ranar idona ya canja. Abincina dai yana wajen masu fasfo da 'yan biki, amma in na rufe shago sai in rataya kyamara in bi mutane wajen aikinsu. Bayan ɗan kokawa a dandalin Basirka bayan an gama girbi, gumi da ƙasa sun manne masa. Damtsen maƙeri lokacin da guduma ta kai ƙarshen sama ba ta fara saukowa ba. Wuyan mai haƙar rijiya in ka leƙa shi daga baki. Hannun wata tsohuwa mai ginin tukwane, da na sha zirga-zirga kafin 'ya'yanta su yarda, shi ma da sharaɗin hannun kaɗai. Ban ƙara satar kowa ba, sai na roƙa, sannan in zauna in yi ta zama har mutum ya manta da ni ya koma aikinsa. Mutanen gari suka ga abin dariya. Wani mahauci abokin wasana ya ɗaga hotonsa a tsakiyar kasuwa ya ce, "Jama'a ku zo ku gani, na ba shi fuska kyauta ya ƙi, ya je ya ɗauko ƙeya!" Shi ke nan suna ya bi ni, Mai Hoton Ƙeya, har yara suna yi mini waƙa da shi. Na yi fushi da farko, daga baya na sa aka rubuta shi a ƙofar shagon. Bayan wasu shekaru wani malamin zane ya tsaya gyaran taya kusa da shagona, ya leƙo, ya kasa fita. Shi ya kwashi hotunan ya kai Kano aka rataya su a wani babban zaure, mutane masu takalma masu ƙara suna tsayawa a gabansu suna gyaɗa kai. Na je da babbar rigar aro. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Amma ina tsaye a gaban hoton masussukar nan wata mata ta tambaye ni, "Malam, wace ce wannan? Yaya fuskarta take?" Sai na tuna ni ma ban taɓa ƙare mata kallo ba.

Shekarar da Allah ya kira Baba da Inna aikin hajji, aka ce kowa ya kawo hoton fasfo. Baba ya zo shagona na ɗauke shi. Ina jiran a ce ga ranar da za a kawo Inna, sai ƙanwata ta gaya mini wai Inna ta ce a kai ta Birnin Kudu wajen ubangidana. Kai, ranar na ji abin da ban taɓa ji ba. A lokacin tafiya Makka ba kamar yanzu ba ce, mutum yakan bi gida gida yana neman gafara, don ba kowa ke dawowa ba. Na ce ashe haka za ta tafi, in Allah ya riƙe ta can ba ni da fuskarta ko a takarda, kuma wani ne zai dube ta ido da ido ba ni ba. Na tafi wajen Kaka a fusace. Ta tsufa sosai a lokacin, tana zaune a kan tabarma tana tsinkar zogale.

"Tsohuwa, 'yarki ta wulaƙanta ni," na ce. "Garin nan kaf ni nake ɗaukarsu, ita sai ta tsallake ni?"

Ba ta ko ɗago ba. "Da wannan abin na wuyanka za ka ɗauke ta? Ka tsaya ƙiƙam a gabanta, ido cikin ido? Ai ko ni ce ba zan zauna ba, ga ka da muni."

"To yaya zan yi?"

"Ina akwatin nan mai baƙin zane, wanda mutum ke shigewa kamar kunkuru?"

"Yana lungu, ya yi ƙura. An daina yayinsa."

"Kai aka daina yayi. Je ka kakkaɓe shi. Ka kafa shi a nan tsakar gidana ranar Laraba, ka shige tun kafin ta iso, kuma kar in ji ko tarinka. Ni zan ce mata na kira mai hoto."

"Ai za ta san ni ne."

Sai a nan ta dube ni. "Daga wa ka ji an ce ba za ta sani ba?"

Ranar Laraba da hantsi na kafa akwatin a inuwar darbejiyar gidan, na rataya farin zane a bango, na ajiye kujera. Ina jin sallamarta a zaure na shige ƙyallen na ja shi har kafaɗa. Zafi kamar me, gumi yana shiga mini ido. Na ji Kaka tana cewa, "Zauna nan, mai hoton sauri yake, daga nesa ya zo." Na ji ƙarar kujera. Na matso da gilashin a hankali, na ja shi baya, sai ga ta. A kife take, kamar kowa, amma idonta biyu suna kaina sosai, ba ta kawar ba. Ashe tana da ɗan tabo a gefen gira. Ashe idona irin nata ne. Ina da 'ya'ya uku a lokacin, ga gemu, ban taɓa sani ba. Aikin da nake gamawa kafin a ce kwabo, ranar na yi ta jan gilashi gaba da baya, na ƙi gamawa. Ita ma ba ta ce na daɗe ba.

Can sai ta yi gyaran murya ta ce, "Mai hoto."

Kaka ta ce, "Ba ya magana in yana aiki. Faɗi, yana ji."

"Mai hoto, an ce kana yawo gari gari. Ina da wani a nan Gwaram, sana'arku ɗaya. In kun haɗu ka ce masa hoton da ya ɗauka a masussuka na sani, na ji ƙarar abin, kuma na yafe. Ka ce masa bai taɓa saɓa mini ba. In akwai abin da ya riƙe a ransa game da ni, shi ma ya yafe mini, hanya zan kama."

Na laluba takardar na tare gilashin, fuskarta ta ɓace mini. A ƙa'ida nan ne zan fito, amma na san in na fito ta sunkuyar da kai ke nan. Sai na zagayo da hannu ta waje ina cikin ƙyallen, na lalubo murfin na cire, na fara ƙirga a zuci. Ɗaya. Ina cewa biyu sai na ji ta ce, "Allah ya yi wa," ta kira sunana, sunan yanka, cikakke, "albarka." Ban san ko na kai uku ba, ban san ko na wuce ba. Kaka kuwa tari ya sarƙe ta a daidai wurin, ta yi ta yi har da bubbuga ƙirji, wai ita ba ta ji komai ba.

Na wanke hoton a cikin akwatin, na leƙa. Goshi ya fito, ido ya fito tas har da tabon, mayafi ko zare bai gurɓace ba. Bakin ne kawai ya yi dishi-dishi, don yana motsi lokacin da murfin yake buɗe. Kaka ta matso ta ce, "Ya yi?" Na girgiza mata hannu ta waje. Ta ce da Inna, "Wai sai an sake, kin cika surutu." Na biyun Inna ta kame bakinta ta haɗe rai kamar kowa, ya fito lafiya lau, shi ne ya tafi Makka. Na farkon kuwa, wanda dokar ubangidana ta ce a yaga, na cusa shi a aljihun gaba tun bai bushe ba. Ban fito daga ƙyallen ba sai da na ji sun shige ɗaki, don fuskata ba ta ganuwa.

Inna ta je ta dawo lafiya, har da haƙorin Makka da ban taɓa gani ba, sai dai labarinsa da na ji a bakin mutane. Ta yi shekaru masu yawa bayan nan. Na ci gaba da durƙusawa a ƙofar ɗakinta, ta ci gaba da "lafiya" ɗaya tana kallon bango, ni ne dai na Gwaram har ranar da ta koma ga Allah. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka. Amma ban ƙara cewa ba ta sona ba, kuma na daina jin haushin bangon. Ba na cewa zamaninmu ya fi na yanzu. 'Yata ta fari sunan ɗanta na fari take kira tun daga zaure, ta rungume shi a gaban kowa, kuma ina jin daɗin ganin haka, yaron ba zai yi kukan da na yi ba. Ni dai na gode wa Allah da ya ba ni sana'ar da ta ciyar da ni, ta kai ni inda ban zata ba, ta kuma ba ni ƙyallen da na ɓuya a ciki.

Hotunan ƙeya duk na rarraba su, wasu suna Kano, wasu gara ta ci. Biyu ne a ɗakina, na masussuka da wannan da na cusa a aljihu. Kwanan baya jikata da ke karatu a Birnin Kudu ta zo hutu, ta tsaya a gabansa ta daɗe tana kallo, sannan ta zaro waya.

"Kaka, wannan hoton ya lalace ta wajen baki. Akwai abin da ke gyara tsohon hoto a waya yanzu, minti ɗaya zai fito maka da bakin ras, kamar yau aka ɗauka. In yi maka?"

Na ce, "Ke amaryar banza, mayar da wayarki jaka."

"Allah da gaske nake, ba zai ɓata ba."

"Na sani. Bar shi haka," na ce mata. "Sunana take kira, ba ta gama ba."